Wadda Ba a Kallo

Shekarun da na yi a gidan miji ban haihu ba, ban taɓa wahalar da kaina wajen lissafa su ba, domin matan unguwarmu a Tiga sun ɗauke mini wannan aikin. Ko na manta, akwai tsohuwar da za ta tuna mini a gidan suna, tana murmushi tana miƙo mini jaririn wata. Na sha saiwa, na sha rubutu, na yi ta zaryar asibiti a Kano har masu share baranda suka san fuskata. Maigidana ma'aikacin ruwa ne a madatsa, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ta ci masa shuka sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma wani lokaci shirun nasa ya fi gorin tsofaffin ci mini rai. Ina son ɗa, so mai tsanani. Ina son wanda zai ɓata mini ɗaki in yi masa faɗa, wanda zan ɗinka wa kaya ba don an biya ni ba, tunda ɗinki ne sana'ata tun ina gidanmu a Kiru.

Maigida yana da ƙanwa da ta auri wani mutumin Damagaram, mai zuwa kasuwar Tudun Wada sayen masara. Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ni na yi ta hura wutar ruwan wanka har ta yi arba'in, kuma bayana ne farkon bayan da jaririyar ta hau. Wata 'yar jawur ce, mai kumatu. Ran da za su koma na shige bayan ɗaki na yi kukana, na fito ina cewa hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Ƙanwar maigida ta gan ni.

Sai bayan 'yan shekaru, da ta sake haihuwa a can, ta turo mini saƙon murya a waya. Gaisuwa ce doguwa, ta gai da kowa har kajin gidan, sannan can a ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Yaya, ajiyarki fa ta isa ɗauka.” Na yi ta maimaita saƙon nan har wayar ta mutu. Babu wanda ya buƙaci a yi masa fassara: 'yarta ta fari za ta ba ni riƙo.

Kafin mu gama shawara labari ya zaga unguwa cewa za mu ƙasar waje. Wata ta tambaye ni ko ta Kano jirginmu zai tashi, wata ta ce in taho mata da agogo. Na yi ta bayani cewa Damagaram ta fi Ikko kusa, kuma a mota za mu, amma ba wanda ya so ji. Shi kansa maigida abin ya ɗan hau masa kai, don ya je ya yi takardun tafiya sanye da hular da ba ya sawa sai ran Sallah. Ya sayi buhun bandar kifi daga masunta ya ce ita ce tsarabar da za ta fitar da mu kunya. Ni kuwa na zauna a kan keke na ɗinka wata riga mai ruwan ganye da ƙiyasi, ina ta sake ta da ƙara mata ado, har sai da zare ya ƙare.

Ta ukunmu a tafiyar ita ce surukata, wadda kowa ke kira Inna. Bafulatana ce daga rugagen Doguwa, doguwa siririya, mai maganar da ba ta wuce a ƙirga da yatsu. An ce dole a tafi da babba, don yara ba sa zuwa karɓar ɗa su kaɗai. Matsalar ita ce maigida ɗanta ne na fari, kuma Inna tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba sassauci. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga goggonsa a Bebeji, a can ya girma. A bakinta sunansa “wancan”. A mota kuma kujera ɗaya aka ba mu, ni a tsakiya, sai na zama wayar tarho. Ce wa wancan ya janye gwiwarsa. Ce wa wancan kifinsa ya hana mutane numfashi. Shi kuma sai ya ce in gaya wa Inna ta yi haƙuri, alhali ba abin da ya raba kunnenta da bakinsa sai kaina.

Muna wuce Kazaure maigida ya tambaye ni ko zan gane yarinyar, tunda rabona da ita tana tsumma, kuma uwarta ba ta taɓa turo hotonta ba. Tambayar ta ɓata mini rai. Na ce yarinyar da na goya ko cikin yara ɗari aka jefa ta, ido rufe zan zaƙulo ta. Na faɗa da ƙarfi yadda na bayanmu ma suka ji. Inna ta gyara mayafinta ta ce, “To.”

A bakin iyaka wani jandarma ya duba takardunmu, ya tambaye mu da Hausarsu me zai kai mu. Maigida ya dube ni, na dubi Inna, Inna ta dubi wani raƙumi da ke kwance a gefen hanya. Manya uku, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ɗa za mu karɓo. Da ƙyar maigida ya ce zumunci. Jandarman ya nufi buhunmu zai tambayi abin da ke ciki, warin ya tare shi tun kafin ya ƙarasa, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Da ina da hankali, tun daga nan zan gane irin zaman da ke jiranmu.

Gidan da muka sauka babban gida ne, 'yan'uwa maza kowa da sashensa, tsakar gida ɗaya, yara kamar an zazzage su daga buhu. Aka tarbe mu da “kun iso lahiya”, aka kawo hura, wadda mu muke ce wa fura, da wani burodi dogo da Inna ta ɗauka sandar kiwo ce aka gasa. Ƙanwar maigida ta durƙusa ta gai da mu, da sabon jaririnta a baya. Ni kuwa ina amsa gaisuwa idona yana kan yara. Na san laƙabin da ake kiran yarinyar da shi, don sunan kakarta ta wajen uba ta ci, kuma ba surukar da za ta iya kama wannan sunan. Da aka ɗan lafa sai na kira laƙabin a hankali, kamar ba da gayya ba.

Yara mata uku suka taho a guje. Ashe tsohuwar ta rasu ne dab da shekarar da aka haife su, duk macen da ta faɗo a gidan a lokacin sunanta aka sa mata, kuma laƙabi ɗaya ake kiransu. Tsawonsu kusan ɗaya, kitsonsu iri ɗaya, har atamfar jikinsu daga turmi ɗaya aka yanka. Na ji idon maigida a ƙeyata. Tambaya kuwa ba ta taso ba. In na ce wacce ce, na tilasta wa uwa ta nuna 'yar farinta da yatsa a gaban mahaifiyarta, abin da ba a yi. Na kuma nuna zalama, kamar wadda ta zo kasuwa taya akuya. Sannan ga cika bakin da na yi a mota, wanda har yanzu bai huce ba.

Sai na yi amfani da basirata. Cikin ukun akwai wata jawur mai kumatu, mai surutu kamar rediyo, na ga ta haye cinyar ƙanwar maigida, ita kuma tana ba ta abinci a baki tana gyara mata ɗankunne. Na ce shi ke nan, ga kumatun da na sani, ga uwa ga 'ya. Kada a ce ban san kunyar ɗan fari ba. A tsakiyarta na zauna tun daga Tiga. Amma na sha ganin 'yan matan yanzu suna liƙa hoton ɗan farinsu a waya har da rubuta masa kirari, sai na ɗauka ita ma ta waye. Gaskiyar magana kuma, mai kumatun ta shiga raina, kuma wanda ya daɗe yana jira ba ya son a ce masa ya ƙara dubawa.

Washegari na fito da riga mai ruwan ganye. Ta ƙi shiga. Na tura hannu, na ja wuya, yarinya tana nishi, har ɗinkin hammata ya ɓarke. Na ce ba komai, yara suna girma, na ari allura na buɗe rigar ta gefe biyu. Na ba ta alewa, na ba ta takalmi, na goya ta duk nauyinta ina zaga tsakar gida ina koya mata sunayen garuruwanmu. Kiru, in ce. Ta ce Kiru. Tiga, in ce, wurin da ruwa ya fi garinku faɗi. Matan gidan suna kallona suna murmushin da na ɗauka na taya murna ne.

Akwai dai wata 'yar baƙa siririya cikin ukun, mai manyan idanu, kullum yatsa a baki, da ta zame mini ƙarfen ƙafa. Kowace safiya ita ke kawo mini butar alwala, butar ta kusa rabinta, kafin ta iso rabin ruwan ya zube a garin da ruwa saye ake yi wurin 'yan garuwa. In ta ajiye ba ta tafiya, sai ta tsaya tana kallona. In ce an gode, je ki wurin uwarki. Sai ta tafi ta tsaya a bayan ƙanwar maigida, ita kuma ko juyowa ba ta yi, sai ta ce wa iska a matsa mata daga nan. Yarinya ta sake dawowa gindina. Na yanke hukunci cewa marainiya ce ko 'yar maƙwabta, har na ji haushin ƙanwar maigida a raina, na ce ashe haka take da 'ya'yan mutane. In alewa ta ragu nakan ba ta ɗaya don Allah.

A waje kuma maza sun kafa zaman shayi. Maigida yana ba su labarin madatsa, yadda ake sakin ruwa ya bi magudana har gonakin rani, su kuma suna gyaɗa kai irin na mutanen da suka san baƙo ƙarya yake amma ba za su kunyata shi ba. An tattauna damina, an tattauna tsadar taki, an tattauna ciwon gwiwa. Maganar yarinya ko da kuskure. Su masu gida ba za su ce ga ta ba sai an roƙa, don kada a ce sun gaji da 'yarsu. Ba za su tambaye mu yaushe za mu tafi ba, don ba a yi wa baƙo haka. Mu kuma ba mai roƙa. Maigida ya ce Inna ce babba, ita ya kamata ta yi magana. Inna ta ce in gaya wa wancan ita ba za ta buɗe baki gaban surukinta ta roƙi jikarta ba, shi ne kawu, shi ne mai gemu. Na kai wannan saƙon, na dawo da wancan, su biyun suna zaune a kan tabarma ɗaya.

Abinci ne ya riƙa gaya mana tsawon zamanmu. Ranar farko ɗan akuya aka yanka. Daga nan aka koma kaji, daga kaji aka koma zabi, daga zabi aka koma miyar da sai ka yi bincike kafin ka gamu da nama. Ranar da na ɗaga murfin kwano na ga bandarmu ta Tiga ta dawo mana a cikin miya, na san mun daɗe. Hutun maigida ya kusa ƙarewa, wanda ya bar wa ban ruwan tumatirinsa yana ta kira. Ni kuma tsoro ya fara kama ni na gaske, cewa kara za ta sa mu hau mota mu koma kamar yadda muka zo, a yi ta godiya da sai wata rana, in dawo wa matan unguwa hannu wofi. Wannan tunanin yana hana ni cin abinci.

Ga kuma wata mata a gidan, faccalar ƙanwar maigida, matar babban wa, da ta sa mini ido. Da farko da fara'arta, daga baya gaisuwarta ta gajarce. Da na ɗauki mai kumatu sai ta ƙwala mata kira wai za a yi mata wanka. Wanka uku a yini, a garin da ake sayen ruwa. Na ce a raina kowane gida da irin tasa, wannan ita ce uwar shisshigin gidan nan, kuma na ƙudura ran da za mu tafi ko sallama mai kyau ba za ta samu ba.

Ranar da abin ya fashe, tun safe ban ga mai kumatu ba. Na ce tana wasa. Azahar ta yi, shiru. Na leƙa ɗakuna, na leƙa bayan rumbu, na leƙa har cikin randa. Da la'asar ta kawo jiki hankalina ya tashi, na fita titi ina tambayar masu shago da Hausar da suke ta cewa in maimaita, na dawo a guje har takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba. Ina shigowa na tarar da ƙanwar maigida zaune tana tankaɗe, hankali kwance, kamar ba abin da ya faru a duniya. Ni dama ba a san ni da dogon haƙuri ba. Duk karar da na yi ta haɗiya tun daga bakin iyaka ta dawo mini wuya.

“Ke wace irin uwa ce?” na ce. “'Yarki ta ɓata tun safe kina nan kina tankaɗe. In ke ba kya so, ni ina so. Ƙasa na tsallako saboda yarinyar nan, kuma ba inda zan je sai da ita.”

Tsakar gida ta yi tsit, har zancen maza a waje ya tsaya. Ƙanwar maigida ta sunkuyar da kai, rariya a hannu. Sai ga faccala ta fito daga ɗakinta tana kuka, ta zube a gabana. Ta ce ita ta sa aka ɗauke yarinyar a babur tun asuba aka kai ta gidan iyayenta a wani ƙauye.

“Yaya, ki yi mini rai,” ta ce. “Maza huɗu na haifa kafin in same ta. Ki ɗauki ko wanne cikin mazan, har biyu ma.”

Ashe mai kumatu 'yarta ce. Kwana da kwanaki matar nan tana kallon baƙuwa daga Najeriya tana auna mata 'ya da riga, tana koya mata sunayen garuruwan da za a kai ta, ita ma kara ta hana ta tambaya. Na tsaya baki buɗe, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da aka kawo ni gidansu: Inna ce take dariya, har da riƙe ciki, har na ga haƙoranta na can ciki. Da ta samu numfashi ta share ido da bakin mayafi.

“Ke 'yar nan,” ta ce, “wadda ake ɗora wa a cinya ai ta mutane ce. Wadda ba a kallo za ki duba. Tun ran da muka sauka ake aiko miki ita da buta, kina mayarwa. Juya bayanki.”

Na juya. 'Yar siririyar nan ce tsaye, hannu ɗaya ya kama gefen zanena, ɗayan yana riƙe da takalmina da ta tsinto a titi. Ashe duk gudun da na yi tana bayana. Na durƙusa na dube ta sosai, karo na farko. Goshin maigida ne, idanun Inna ne, fuskar da na yi shekaru ina kallo a kan kwanon tuwo. Jan da na sani na jarirai ne, ya daɗe da tafiya. Kunya ta rufe ni, amma abin da ya fi kunyar ƙarfi shi ne tausayi, nata da na uwarta, wadda kowace safiya take cika buta ta ba ni 'yarta ta hanyar da ta iya, ni kuma ina cewa je ki wurin uwarki. Na rungume yarinyar na yi kuka a gaban kowa, ban ce hayaƙi ba ne.

Abin da ya gagari manya kwanaki, haukata ta gama shi kafin magariba. Tunda har maƙwabta sun ji abin da ya kawo mu, ba sauran abin ɓoyewa. Babban wan gidan ya tara mu a zaure, maigida ya yi ta in-ina har ya kai ƙarshen roƙonsa, Inna ta ce in gaya wa wancan ya ɗaga murya. Uban yarinyar ya ce amana ce, ya ba mu duniya da lahira, sunan ubanta dai yana nan, kuma gidan nan gidanta ne duk ran da ta so. Aka shafa fatiha. Faccala ta aika aka dawo da 'yarta, ta wanke riga mai ruwan ganye ta kawo mini a ninke, muka yi ta ba juna haƙuri muna dariya. Na sake aron allurar nan na mayar da ɗinkin inda yake tun farko, har na ɗan ƙara tsukewa.

Da safen tafiya gidan duka ya fito rakiya, ban da mutum ɗaya. Na sami ƙanwar maigida a bayan gida gaban murhu, ta ba ni baya tana dama kunun da na ga ya riga ya damu. Na ce mata za mu tafi. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, a gai da mutanen gida. Na juya zan fita sai ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

“Yaya, an ce wasu yaran ba sa son yaji. Wasu kuma ba sa barci sai an shafa musu baya. In suka yi shiru da yawa, ba ƙiwa ba ce, fitsari suke ji suna kunyar faɗa.”

Na ce na ji. Na ce in Allah ya yarda za a kula da wasu yaran. Ta gyaɗa kai, muciya tana ta juyawa, na fita da sauri don kada in sa ta yin abin da ta yi ta ƙoƙarin kada ta yi a gabana.

Uban ya raka mu har muka tsallake iyaka da takardun yarinyar, sannan ya juya. Yarinyar ta yi kuka kaɗan, ta yi barci a cinyata ina shafa mata baya. A Daura mota ta tsaya, masu talla suka rufe tagogi. Inna ta kwance bakin zanenta ta sayi dafaffen ƙwai, ta ɓare shi a hankali, ta barbaɗa gishiri. Na miƙa hannu ina zaton na jikarta ne. Ta ce in ba wancan, tun yana ƙarami yake son ƙwai. Ta kalli waje, sannan ta ƙara da cewa haka dai goggonsa ta gaya mata. Maigida ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya ci.

Matan unguwa sun zo ganin abin da muka samo a ƙasar waje, mai agogo ma ta zo, na ba ta cukwi, busasshen cukun mutanen can. Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, yatsa ya fita daga baki, surutu ya shiga, har nakan tuna mai kumatu in ce ashe duk gidan haka suke. Ni ba na kunyar kowa a kanta. Ina kiran laƙabinta tun daga ƙofar gida har a ji a bakin ruwa, ina yi mata faɗa in ta ɓata mini ɗaki, kuma duk ƙyallen da ya ragu a ɗinkin mutane ya san inda za shi.

Duk Juma'a uwarta tana kira. Takan tambayi gwiwar Inna, da tumatirin yayanta, da ko ruwan madatsa ya ja baya, da awakina ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa tambayar yarinyar ba. Ni kuma in mun gama gaisawa sai in ce bari in duba tukunya, in ajiye wayar a kan tabarma kusa da inda take wasa, in tafi in daɗe. Wata Juma'a ina madafi yarinyar ta ɗaga murya ta ce, “Umma, zo ki ga abin da na zana.” Ni take kira. Na dawo na ɗauki wayar, na ji shiru, sai kukan jariri can nesa. Na ce ko tana ji na.

“Ina ji, Yaya,” ta ce. “Alhamdu lillahi.” Sannan ta ce layin ba shi da kyau yau, za ta sake kira wata Juma'ar.